Ƙugiya Mai Kan Dalma: Yadda Ake Hana Tanar Roba Zamewa

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya daina zama baƙon damina a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Magudanai suka ratsa gonakin shinkafa da tumatir, kifi kuma ya biyo ruwan: karfasa, tarwaɗa, kurungu, kawara. Mu mutanen Dawakin Kudu muna da namu rabon a wajejen Tamburawa, inda kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa.

Masunta na gado suna da tarunsu da malinsu da mamarinsu. Ni kuwa ɗan fatsa ne, na bayan la'asar. Abin da ke damun irinmu shi ne tana: da rani sai ka tona ka gaji, in ka samu kuma ƙananan karfasa su tsattsage ta kafin babban kifi ya iso. Wannan ya sa na koma ga tanar roba, wadda wani Ba'amurke, Nick Creme, ya fara yi a jihar Ohayo a 1949. Ba ta ruɓewa, ba ta mutuwa. Wanda bai samu ta kanti ba yana iya yanko siririn tsiri daga tsohon tiyub ɗin keke, ya tsaga jelar biyu.

Roba ba ta motsi da kanta, sai an ba ta kai mai nauyi. Ana zuba dalma a wuyan ƙugiya, dab da idon da ake ɗaura zare. In ka ɗaga sanda ta yi tsalle, in ka saki ta nutse da ka, kifi mai farauta irin tsage ko giwan ruwa ya ɗauka ɗan kifi ne mai rauni. Idan an lanƙwasa idon sama, tsinin ƙugiyar ma sama yake kallo, saboda haka ba ta cika sarƙewa a kacalla ba. A magudana giram 4 zuwa 7 ya isa. A zurfin Tiga ko Ruwan Kanya sai 10 zuwa 14.

Amma duk gwanintar aikin tana wuri ɗaya: abin da zai riƙe robar. Ƙugiya santsi ne da ita, roba ma haka. Jifa biyu ko uku, sai ka ga ta zamo ta dunƙule a lanƙwasar ƙugiyar, ta toshe tsinin, kifi ya cafka ya tofar.

Dabaru uku nake yi. Ta farko ita ce ƙaya: ka warware sili ɗaya daga wayar birkin keke, ka yanki kamar tsawon farce, ka lanƙwasa bakinsa ya zama ɗan ƙugi, ka kwantar da shi a bayan dalmar, ƙugin yana kallon gaba. Ka naɗe shi da zaren ɗinkin takalmi, ka ɗiga gam mai saurin kamawa. Robar za ta haye shi cikin sauƙi, amma ba za ta iya komawa baya ba. Ta biyu ita ce ƙulli: zare kaɗai, a naɗa tudu biyu a jikin ƙugiyar, a shafe da gam. Wannan ta fi dacewa da roba mai laushi, wadda ƙaya ke yagawa. Ta uku ita ce murɗi: ka naɗa waya zagaye huɗu a jikin ƙusa, ka zare, ka maƙala ta a wuyan ƙugiyar, sannan ka murɗa kan robar a ciki kamar yadda ake ɗaura noti. Ita ta fi wuyar yi, ita kuma ta fi riƙo. Ko wacce ka yi, ka jiƙa robar ka fizgi jelarta. In ta motsa a hannunka, a ruwa ma za ta motsa.

Sai maganar dalma, wadda ba ta son wasa. Tana narkewa a zafin digiri 327, garwashi ma yana iya mata. Ramin da za a zuba ta, na yumɓu ne ko na itace, dole ya bushe ƙarau, don ɗigon ruwa ɗaya yana sa ta fantsama a fuska. A yi aikin a fili, nesa da madafi da yara, da cokalin da ba zai sake shiga tukunya ba. Kada a fasa tsohon batir, kada a matse dalma da haƙori. Gubarta ce ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, ita ce kuma ta sa Ingila ta hana amfani da ƙananan dalmar fatsa a 1987, bayan ta yi ta kashe tsuntsayen ruwa. Wanda zai iya samun kuza ya fi, ko ya zura ƙaramin noti a wuyan ƙugiya ya ɗaure tamau. Da noti aikin kusan ɗaya ne, ba hayaƙi, ba ƙuna.

Wannan ƙugiya ba za ta ciyar da gida yadda taru yake yi ba, kuma tarwaɗa, mai bin wari, har gobe ta fi son tana da guntun sabulu. Amma ga maƙeran Kura da Bunkure, sana'a ce a ajiye: ƙugiya da waya da zare duk suna kasuwa, abin da ya rage shi ne hannun da zai haɗa su da kyau.