Ire-iren Jimlolin Ingilishi ta Fuskar Ganga: Abin Lura ga Malamai a Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke makaranta a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi yakan shigo aji da harshen gida, kamar Jju ko Tyap ko Hyam, da kuma Hausa wadda ita ce harshen kasuwa da hulɗar yau da kullum. Hausa ta daɗe da kafuwa a yankin, musamman tun da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927. Ingilishi kuwa da shi ne zai rubuta jarrabawar WAEC da NECO. A nan za mu duba yadda ake rarraba jimlolin Ingilishi bisa ganga, sa'annan mu nuna inda ƙirar Hausa take sa ɗalibi tuntuɓe.

2.0 Ganga da Ire-irensa

Ganga shi ne rukunin kalmomi mai ɗauke da aikau da kuma abin da aka faɗa game da shi. Ganga tsayayye yana iya zama jimla shi kaɗai. Ganga dogarau kuwa ba ya cika ma'ana sai ya jingina da wani. A kan wannan ne aka kasa jimlolin Ingilishi gida huɗu:

(a) Sassauƙar jimla, mai ganga tsayayye ɗaya: The train left Kafanchan.

(b) Harɗaɗɗiyar jimla, mai ganga tsayayye biyu ko fiye, waɗanda mahaɗi irin su and, but, or ke haɗawa: The rain stopped and the farmers went out.

(c) Sarƙaƙƙiyar jimla, mai ganga tsayayye ɗaya da dogarau aƙalla ɗaya: When the rain stopped, the farmers went out.

(d) Harɗaɗɗiya mai sarƙaƙiya, wadda ta tara tsayayyu biyu da dogarau aƙalla ɗaya: When the rain stopped, the farmers went out but the traders stayed.

Tsawon jimla ba shi ne ma'auni ba. Jimla tana iya cin layi uku, amma in ganga ɗaya ne cikinta, sassauƙa ce.

3.0 Inda Hausa da Ingilishi Suka Sha Bamban

Na farko, Hausa takan jera ganguna ba tare da mahaɗi ba: "Manoma sun haƙe citta, sun shanya ta, sun kai ta kasuwa." Wannan jimla ce ingantacciya. Kalmar "da" sunaye take haɗawa, kamar "Ladi da Bulus", ba ta yi wa ganguna aikin da and ke yi. Saboda haka ɗalibi yakan ɗauko wannan ƙira ya rubuta: The farmers harvested the ginger, they took it to market. A rubutaccen Ingilishi kuskure ne a raba tsayayyu biyu da waƙafi kawai. Sai an sa mahaɗi, ko aya, ko waƙafi mai ruwa.

Na biyu, Hausa tana da jimloli marasa aikatau: "Ladi malama ce", "Akwai ruwa". Ingilishi kuwa yana neman aikatau a kowane cikakken ganga. Dabarar nan ta ƙirga aikatau domin gano yawan ganguna ba ta aiki a irin waɗannan jimlolin Hausa.

Na uku, a jimlar Hausa mai aikatau lamirin suna yana biyo bayan aikau: "Ladi ta zo." Daga nan ne ake samun Ladi she came a rubutun ɗalibai.

Akwai kuma inda Hausa take taimakon malami. Idan muka kwatanta "Yara sun zo" da "yaran da suka zo", za mu ga "sun" ya koma "suka" a cikin ganga dogarau. Ɗalibi ya riga ya san wannan bambanci a bakinsa, don haka ta nan ya fi sauƙi a kai shi ga who da which. Sai dai a tuna cewa "suka" yana fitowa a ba da labari ma, inda ganga yake tsayayye.

4.0 Shawarwari

Muna ganin ya dace manhaja ta gabatar da ganga kafin ire-iren jimla, a darasin Hausa da na Ingilishi, a zango ɗaya. Malaman darussan biyu su daidaita keɓaɓɓun kalmomin da suke amfani da su. Littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, zai taimaka a nan. Haka kuma cibiyoyin horar da malamai, kamar Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, su riƙa ba ɗalibansu aikin kwatanta waɗannan ƙirori da na harsunan yankin.

5.0 Kammalawa

Yawancin kurakuran da muka nuna ba daga rashin ƙoƙari suke tasowa ba. Ƙa'idar wani harshe ce ɗalibi ya ɗora a kan wani. Malamin da ya san tushen kuskuren zai iya bayyana shi sau ɗaya a kan allo, maimakon ya yi ta ja masa jan biro har ƙarshen shekara.