Jaruma ta suma, an ɗura mata ruwa: abin da nake gani in ana kallon fim

A gidanmu an daɗe da kafa mini doka: in aka zauna kallon fim bayan sallar isha'i, bakina a rufe har a tashi. Laifina shi ne da zarar an nuno asibiti sai in fara gyara. Ƙanwata kan ce, "Yaya, don Allah ki bar kemis ɗinki a shago, mu labari muke bi."

Kada mai karatu ya ɗauka ƙiyayya ce. Da kaset ɗin Sangaya na tashi, muna yara muna haddace waƙoƙinsa. Ga ɗan Bahaushen da aka haifa a Agege ko Sabon Ibadan, fim na cikin abubuwan da ke riƙe masa harshensa, ya ji karin maganar da ba ya ji a makaranta. Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa Daɗin Kowa da Labarina, 'yan Kannywood sun shiga ɗakunan da likita bai taɓa takawa ba. Shi ya sa nake sa musu ido.

Sharhin fim ba baƙo ba ne a wurinmu, mujallar Fim ma tun 1999 take fitowa. Sai dai duk wanda ya nuna kuskure, masoya kan yi masa ca, a ce hassada ce ke cin sa. Muhawarar da muka fi yi kuma, musamman tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, ta rawa da waƙa da sutura ce. Da wuya ka ji an tambaya ko abin da aka yi wa marar lafiya a fim daidai ne.

Sau nawa muka ga an gaya wa uwa mummunan labari ta faɗi sumammiya, a tallabo kanta a ɗura mata ruwa, ta farfaɗo da salati? A zahiri wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya yadda ya kamata, ruwan na iya bin maƙoshi ya sauka cikin huhu. Abin yi shi ne a duba numfashinsa, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa kaya, kada a sa masa komai a baki. Haka mai farfaɗiya. Cokalin da ake cusa masa haƙori yake karyawa, kuma mutum ba ya haɗiye harshensa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta wuce minti 5 a nufi asibiti.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na guba. Kwanaki wata mata ta shigo shago a guje da ɗanta mai shekara biyu, ya sha kananzir da aka zuba a robar lemo. Kafin ta iso ta ɗura masa manja, ta sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Da na tambaye ta dalili, ta ce haka kowa ke yi, ko a fim ma haka ne. Ban tsaya musu da ita ba, yaron na tari yana numfashi sama-sama, muka sa su a keke zuwa asibiti. Haɗarin kananzir a huhu yake, kuma amai ne ke buɗe masa hanyar shiga can. Fiya-fiya ma manja ko madara ba sa karya shi, lokaci kawai ake ɓatawa. A ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti tare da yaron.

Adalci dai, ba 'yan fim suka ƙirƙiro manja da cokali ba, a gida suka tarar da su kamar kowa. Amma idan jarumin da ake so ya yi abu kuma marar lafiya ya miƙe garau, an buga wa al'adar tambari. Mun ga ƙarfin hoto a 2018, lokacin da BBC ta saki bincikenta kan shan kodin, kwana ɗaya tak gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Abin da masu harhaɗa magunguna suka yi shekaru suna kuka a kai ke nan.

Roƙona ga furodusoshi bai da tsada. Kafin a ɗauki fitowar asibiti, a ba wata nas ko likita takardar ta karanta, minti goma ya isa. Labarin ba zai rage daɗi ba don an kwantar da jaruma ta gefe.

A gida kuwa mun yi sulhu. An ba ni lokacin talla, in faɗi abin da na gani, da an dawo in yi shiru. Shekaranjiya ban ma buɗe baki ba, ɗan ƙanwata mai shekara tara ya riga ni: "Umma, ai ba a ba wanda ya suma ruwa."