Zaɓen Wuƙa Mai Ninkewa Don Aikin Gona

Ya ɗan'uwa manomi, ƙaramar wuƙar da kake ninkewa ka jefa aljihu tana da hannu a samun amfaninka ko asararka. Da ita ake auren mangwaro da lemo, da ita ake yanka irin doya. Idan ba ta da kaifi, sai ta dagargaza ɓawon reshe, auren ya ƙi kamawa, wahalar shekara ta tafi a banza.

Kafin ka biya kuɗi, duba ruwan wuƙar. Tsawon santimita 6 zuwa 8 ya isa. Baƙin ƙarfe ya fi riƙe kaifi, amma yana tsatsa da damina, don haka yana buƙatar shafa mai. Farin ƙarfe ba ya saurin tsatsa, sai dai yana son yawan wasawa. Wuƙar aure kuwa gefe ɗaya ake wasa ta, domin yankan ya fita sumul.

Buɗe ta ka girgiza. In ƙusar da ta haɗa ruwan da ƙota tana motsi, bar ta. Nemi mai makulli, wadda ba za ta rufe maka yatsa ana tsakiyar aiki ba.

Malaman gona su riƙa tunatarwa cewa wuƙa tana ɗaukar cuta daga wannan shuka zuwa waccan. A tsoma ta cikin bilic kashi 1 da ruwa kashi 9 kafin a taɓa wata bishiya, sannan a ɗauraye, a goge ta bushe kafin a ninke.