Shukar Ƙofar Gida Jeren Amarya Ce

Matan da suka ƙware a jere ba sa zuwa wurin kafinta sai sun auna ɗakin amarya. Sun sha ganin an kawo gado na alfarma ya cinye ɗaki, har ƙofa ta kasa buɗuwa. Mai ɗan fili a ƙofar gida, taku huɗu ko biyar tsakanin katanga da hanya, yana bukatar irin wannan lura. Dashen da masu furanni ke sayarwa a bakin titi cikin baƙar leda bai wuce gwiwa ba, amma bayan 'yan shekaru wani zai toshe taga, wani saiwarsa ta tsaga daɓe. Darbejiya da mangwaro na babban fili ne, a bar su can.

A jere gado ɗaya ake sawa, sauran kaya su bi shi. A nan ma babbar shuka ɗaya ta isa. Lemon tsami ya dace da wannan matsayi: ganyensa kore ne shar duk shekara, furensa fari mai ƙamshi, ko ganyen ka murza a hannu sai ka ji daɗi, ga 'ya'ya na shayi. Sai dai yana da ƙaya, don haka a janye shi daga hanyar shiga, a kuma ba shi tazarar kamar mita 2 daga katanga.

Gefen katanga kuwa na lalle ne. Mata sun san ganyensa, amma ba kowa ya lura da furensa ba, ƙanana farare a dunƙule, masu ƙamshin da ke cika wuri da yamma. Lalle yana jure zafin bazara, yana karɓar aski, za a iya tsayar da shi daidai ƙugu ya zama shinge. In aka bar shi da ƙishi a hunturu yakan zubar da ganye, amma ruwan alwala kaɗai, in ana juye masa kullum, zai riƙe shi.

Sai shimfiɗa. Ɗakin da aka bari ba kafet ba leda, komai tsadar gadonsa, bai kammala ba. Ƙasar da aka bari tsirara tana tashin ƙura da rani, ta zama taɓo da damina. Inda rana ke duka kuma ana takawa, kirikiri ta fi, don tana jure sawu; a riƙa datse bakinta kawai, saboda tana da yaɗo. Inda ke da inuwa da danshi, kamar kusa da famfo, na'a-na'a za ta rufe wurin. Ita ma akwai mamaya, gara a kewaye ta da bulo.

Batun ƙamshi shi ne inda ake yawan zarce gona da iri. Amarya mai hankali ba ta zuba turaren wuta kala biyar a kasko ɗaya. In akwai lemo da lalle, yasmin guda a tukunya kusa da inda ake zaman hira ta wadatar, tunda da dare furenta ke buɗewa. Fiye da haka sai ciwon kai.

Kayan jere na ƙwarai ba ranar kai amarya ake gane su ba, sai an yi shekara ana amfani da su. Don haka kada ka zaɓi shuka a watan Agusta, lokacin da ko ciyawar bola kyakkyawa ce. Zaga unguwa a watan Maris, ka ga abin da ya rage kore a ƙofar maƙwabta, shi za ka saya. Ka dasa a farkon damina da ruɓaɓɓen takin shanu, sannan ka kewaye da waya tun ranar farko, don akuya ba ta jiran dashe ya kama.