Hanyar Da Wasa Ya Bi, Karatu Ma Ya Iya Binta

Duk wanda ya bi hanyar Katsina ko ta Daura daga birnin Kano, ya ratsa ƙasar Dawakin Tofa da Bichi da Tsanyawa, ko kuwa ta Ɗambatta da Makoɗa, ya san irin yawan jama'ar da Allah ya zuba a wannan yanki. Gona na manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye, ba a barin saura ta huta, sai dai ko wace shekara a zuba taki a sake nomawa. Tun zamanin kakanni jakuna su ke kai itace da amfanin gona birni, su komo da taki a mangala. Mutanen wannan ƙasa ba su saba barin jaki ya komo wofi ba.

To, a kasuwannin ƙasar nan yanzu akwai wata sana'a wadda kakanninmu ba su sani ba. Za ka ga saurayi a rumfa, da tebur, da kwamfuta, da igiyoyi iri iri, ga ɗan janareta ko farantin sola. Aikinsa tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi da wa'azi da wasanni cikin wayoyinsu da katin memori. Cikin masu yi masa ciniki har da 'yan makaranta, waɗansu da wayar gidansu, waɗansu da na'urar wasa ta hannu wadda wani yaya ya sayo musu ta gwanjo a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut. Mu da aikinmu ya ke horon malamai da duba makarantu, mun ga ya kamata mu yi wa jama'a bayanin wannan igiya da a ke haɗa na'urar da kwamfuta da ita, gama muna ganin akwai amfani a cikinta wanda makarantunmu ba su ɗiba ba tukuna.

Asalin Na'urar

Na'urar wasa ta hannu ta yi suna a duniya ne tun 1989, sa'ad da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da Game Boy. Ita wannan, wasanninta a cikin ɗan kaset su ke, sai a cusa a cire. Igiyarta kuwa ta haɗa Game Boy biyu ce domin yara biyu su kara. A 1996 aka fito da wata irin mahaɗa wadda a ke kira USB, domin a sami kafa iri ɗaya wadda kayayyaki dabam dabam za su riƙa shiga kwamfuta ta cikinta. A shekara ta 2000 aka kyautata ta, saurinta ya tashi daga megabit 12 zuwa 480 a daƙiƙa guda.

A ƙarshen 2004 kamfanin Sony ya fitar da PSP a Japan, ta isa Amurka da Turai a 2005. Ita ce ta zo da kafar USB da katin ajiya, ta kuma iya nuna hoto da fim, ta sa sauti. Ko da ya ke kamfanin ya daina fitar da ita a 2014, har yanzu a kan same ta a hannun samari. Bayanta an yi PS Vita a 2011, da Nintendo Switch a 2017, da Steam Deck a 2022.

Amma fa a ƙauyukanmu babbar na'urar wasa ita ce wayar hannu. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, yara su ka fara da wasan maciji na Nokia. A 2012 kuma aka fito da wata manhaja mai suna PPSSPP, wadda ta ke sa wayar Android ta buga wasannin PSP. Da ita ce samari da yawa su ke buga ƙwallon ƙafa a gindin bishiya bayan an tashi daga gona. Saboda haka duk abin da za mu faɗa nan gaba ya shafi na'urar wasa, ya kuma shafi waya.

Yadda A Ke Haɗawa

Igiyar USB irin ta yau da kullum, in an feɗe ta, za a ga 'yan siraran wayoyi huɗu a ciki. Biyu su ke ɗaukar wuta, biyu su ke ɗaukar saƙo. Da an cusa baki ɗaya a na'ura, ɗayan a kwamfuta, sai su biyun su gaisa, ko wace ta faɗi ko ita wace ce. Sa'an nan kwamfuta ta nuna ajiyar na'urar kamar wani ɗaki da aka buɗe, ga folda folda a ciki, ta hotuna dabam, ta sauti dabam, ta wasanni dabam.

Ko wace na'ura da halinta. PSP sai an shiga wurin saiti an zaɓi haɗin USB, sa'an nan katinta ya bayyana a kwamfuta. PS Vita ba ta yarda sai an sa wa kwamfutar wata manhaja ta kamfanin Sony. Switch kuwa, tun gyaran da aka yi mata a ƙarshen 2020, a kan iya kwashe hotuna da gajeren bidiyon da aka ɗauka a cikinta ta igiya, amma ba ta barin a kwashe ajiyar wasa ta wannan hanya. Wayar Android in an haɗa ta, caji kaɗai ta kan fara yi, sai mai ita ya buɗe ta, ya jawo sanarwar da ke sama, ya zaɓi tura fayil. In duk wannan ya faskara, akwai hanya mai sauƙi: a kashe na'urar, a zare katin memori, a sa shi cikin ɗan abin karanta kati, a cusa a kwamfuta.

Abin lura shi ne, a cikin wannan aiki duka ba a bukatar intanet, ba a sayen data. Ko a ƙauyen da sabis ba ya kamawa sai an hau tudu, igiya na aikinta, muddin akwai caji a na'urorin biyu.

Inda A Ke Tuntuɓe

Na farko, igiyar kanta. Da yawa daga cikin masu araha na caji ne kurum, ba a sa musu wayoyin saƙo ba. Mutum ya ga na'ura na caji amma kwamfuta ba ta gan ta ba, sai ya ce na'urar ta lalace, alhali kuwa igiya ce. Kafin a kai wa mai gyara, a jarraba wata igiyar.

Na biyu, gaggawa. Kwamfuta ta kan nuna kamar ta gama alhali tana nan tana rubutu a katin. Wanda ya fizge igiya a wannan hali ya kan tarar da fayil ya ƙi buɗewa, wani lokaci ma katin duka ya rikice. Sai a umurci kwamfuta ta saki na'urar tukuna, a jira ta ba da izini. Sauri ya haifi nawa.

Na uku, wanke kati, watau abin da samari ke kira fomatin. In kwamfuta ta tambaya ko a wanke katin, kada a amsa da i sai an tabbata babu abin bukata a ciki, domin wankewa share kome ta ke yi. Haka kuma a san bambancin kwafewa da yankewa. Mai kwafewa ya bar na asali a wurinsa. Mai yankewa ya ɗauke shi ɗungum, in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, sai a shiga neman abin da ya tsira.

Na huɗu, girman fayil. Katin da bai wuce gigabait 32 ba, galibi da tsarin FAT32 ya ke zuwa, shi kuwa wannan tsari ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da akwai sauran fili. Manyan katuna su kan zo da tsarin exFAT wanda ba shi da wannan iyaka, sai dai tsofaffin na'urori ba su karanta shi.

Na biyar, cutar kwamfuta, wadda a ke kira bairos. Kwamfutar kasuwa kamar rijiyar gari ce, ko wane guga na shiga. Akwai wani sanannen iri wanda ke ɓoye foldar mutum ya bar hotonta na ƙarya, in an taɓa sai ya yaɗu. Sau da yawa kayan na nan a ɓoye ba su ɓata ba, mai sani ya iya fito da su, don haka kada a yi saurin wankewa. Amma katin da ya shiga kwamfutar kasuwa, lalle a bincike shi da manhajar rigakafi kafin a sa shi a ta makaranta.

Abin Da Ya Shafi Makaranta

Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga manyan makarantu ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Ɗan manomin Kunci ko Tsanyawa zai zauna a ɗaki ɗaya da ɗan birni, a gaban na'ura iri ɗaya, a ba su lokaci ɗaya. In ran nan ne ya fara ɗora hannu a kan kwamfuta, to, an ci rabin ƙarfinsa tun bai karanta tambaya ba. A rangadin makarantu mu kan ga aji ya haddace ma'anar fayil da folda daga allo, amma ba wanda ya taɓa buɗe ko ɗaya. Mu kan kuma ga yaron da malami ya ke ganin ba shi da ƙoƙari, ashe shi ne ya san yadda a ke sa wasa a foldar da ta dace har ya tashi. Wannan yaro ya riga ya san darasin, sunansa ne kaɗai bai sani ba. Aikin malami ne ya haɗa masa biyun.

Sa'an nan ga maganar littattafai, waɗanda ko wane hedimasta ya san ƙarancinsu. A ƙaddara littafi guda ya ci megabait 5. Katin gigabait 8, wanda bai kai farcen yatsa ba, zai ɗauki irinsa fiye da 1,500. Na'urar da ta iya nuna hoto ta iya nuna shafin littafi ko taswira, wadda ta iya sa waƙa ta iya sa muryar malami yana karanta darasi ko yana bitar jadawalin sau. Ga shi a wannan yanki da damina yara na taya iyaye shuka da noma, waɗansu su kan rasa kwanaki a aji. Darasin da aka ɗauka a murya ya iya bin yaro har gida, ya saurara bayan sallar isha'i, ƙannensa ma su ƙaru.

Saboda haka ga shawararmu. Kwalejojin horon malamai, irin ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi da sauran 'yan'uwanta, su tabbata ko wane ɗalibi ya yi wannan aiki da hannunsa kafin ya karɓi takardar NCE: ya haɗa, ya kwafe, ya duba, ya saki, ya zare. Ko wace makaranta mai kwamfuta, ko da guda ce, ta tanadi igiya biyu masu kyau da abin karanta kati, a damƙa wa malami ɗaya. A keɓe rana guda a mako wadda yara za su kawo kati, da izinin iyayensu, a zuba musu darussan mako. Takardun makaranta kuma, kamar rajista da sakamakon jarrabawa, a ajiye su wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a katin da ba ya zuwa kasuwa. Manomin kirki ba ya tara irinsa duka a rumbu ɗaya.

Ga Iyaye Da Masu Sana'a

Ba mu ce a hana yara wasa ba. Yaro bai taɓa rabuwa da wasa ba, da langa ce da dara, yau kuwa ga abin da zamani ya kawo. Amma uba ya kamata ya san abin da ke cikin katin ɗansa kamar yadda ya san abin da ke cikin rumbunsa. Ko bai iya karatun boko ba, ya iya cewa, "Zo nan, buɗe mini in gani." Ya kuma yanka masa lokaci, domin wasan da ya ci barcin dare, gobe a aji a ke biyan bashinsa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ku kuma samari masu tura kaya a kasuwa, sana'arku amana ce. Kada ku zuba wa ƙaramin yaro abin da ba za ku so a zuba wa ƙaninku ba, kada kuma ku leƙa hotunan mutane ko ku kwashe su don an miƙa muku waya. Ku sani kuma littafi da fim da wasa duk guminsu wani ya yi, akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, mai kare masu su. Malamai ma su kiyaye wannan, su tsaya ga darussan da su ka shirya da kansu da littattafan da masu su su ka yarda a raba. Da ko wane mai tebur zai buɗe folda guda ta karatu, ya karɓi darussa daga malaman garinsu, ya riƙa sa wa 'yan makaranta, da ya sami lada, ya kuma ƙara masu ciniki.

Ba wani kuɗi mai yawa wannan aiki ya ke nema ba. Na'urar na hannun yara, kwamfuta na kasuwa da waɗansu makarantu, igiya kuwa ba ta gagari hedimasta ba. Abin da ya rage shi ne malamai su koya, iyaye su sa ido, hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi su ba da umurni su kuma bi sawu. Muna roƙon hakimai da dagatai da limamai su taya mu jan hankalin jama'a. Allah ya ba mu ikon yi, ya shirya mana zuriya, amin.