Gaɓar Amalfi: Garuruwan Da Suka Ba Tudu Baya

A kudancin ƙasar Italiya, tsakanin birnin Salerno da garin Positano, akwai wata gaɓar teku mai tsawon kamar mil 30 wadda ake kira Amalfi. Wanda ya saba da bakin tekun Ikko, inda rairayi ke shimfiɗe iyakar ganinka, zai sha mamaki a can, don kuwa duwatsu ne suka gangaro tsaye suka tsunduma cikin Bahar Rum, garuruwa kuma na maƙale a jikinsu, gida bisa kan gida.

Hanyar mota ɗaya ce tak ta bi gaɓar, ga ƙunci ga kwana-kwana. Cunkoso ya yi yawa har a 2022 hukuma ta sa doka, a lokacin zafi motocin baƙi masu lambar mara su bi yau, masu cika su bi gobe. Saboda haka masu hali sukan ɗauki shatar jirgin ruwa na shaƙatawa, da matuƙinsa, wani har da kuku, na yini guda ko na mako. Sun kuwa yi dabara, domin garuruwan nan teku suka fuskanta tun asali, tudu suka ba baya.

In jirgi ya tashi daga Salerno ya nufi yamma, sai ya wuce Vietri, garin masu ginin tangaran, ya iso Cetara inda har yanzu masunta ke fita kamun kifi da dare da fitila. Bisa ƙusoshin duwatsu ana hango hasumiyoyin da aka gina don tsaron 'yan fashin teku. Sa'an nan sai Amalfi kanta.

Mai karatu, garin nan da mutanensa ba su wuce 5,000 ba a yau, shekaru dubu da suka wuce ƙasa ce mai cin gashin kanta. Fatakenta sun yi ciniki da Masar da Sham da Afirka ta Arewa, har kuɗin zinariyar da suke bugawa, mai suna tari, rubutun Larabci ne a jikinsa, don shi kasuwa ta yarda da shi. Mayaƙan Pisa suka washe garin a 1135, suka sake a 1137, sa'an nan igiyar ruwa ta rushe tasharsa a 1343. Daga nan bai ƙara tasowa ba sai da 'yan yawon buɗe ido suka gano shi.

Gaba kaɗan akwai Furore, wata tsaga a jikin dutse da gada a samanta, sai Positano, inda babu tashar kirki. Jirgi yakan ɗaure nesa da gaɓa, ƙaramin kwalekwale ya kai baƙi tudu. Yawon ba ya rasa haɗari: a watan Agusta na 2023 wata Ba'amurkiya ta rasu kusa da Furore sa'ad da jirgin da iyalinta suka yi shata ya yi karo da wani babba.

Amma abin da baƙo ya fi yabawa daga cikin jirgi shi ne gonakin lemun tsami da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutse, kowane hawa da katangar duwatsu da aka jera ba siminti. Mota ba ta zuwa can. A baya ake sauko da lemun, kwando mai nauyin buhun siminti, ta ɗaruruwan matakai. To, saurayin da zai iya tuƙa baƙi zuwa tsibirin Capri ya karɓi kuɗinsa da yamma, me zai kai shi dako? Ba a ga laifinsa ba. Sai dai katangun nan su ke riƙe da ƙasa, in aka bar su suka zube, ruwan sama kan kwaso laka da duwatsu ya sauke a kan gari. A 1954 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Salerno da Vietri da Maiori da kewaye. A 2010 kuma laka ta ratsa tsakiyar Atrani, maƙwabciyar Amalfi, ta kwashi motoci zuwa teku, ta tafi da ran wata budurwa.

UNESCO ta sa gaɓar cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, gonakin kuwa na cikin dalilan. Masu gyaran katangun dai yawancinsu dattawa ne.