Tabarau Mai Ja da Shuɗi: Yadda Hoto Ke Tasowa Daga Allo

Ku miƙa babban yatsanku gaba, ku rufe idon hagu, sannan ku buɗe shi ku rufe na dama. Za ku ga kamar yatsan ya matsa gefe. Dalili kuwa, tsakanin idanunmu akwai tazarar kusan santimita 6, don haka kowane ido ta kusurwarsa yake kallo. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa abin da suka gani, ta gane na kusa da na nesa.

Wannan dabarar ce ake amfani da ita a hoton da ake kira anagilif. Ana ɗaukar hoto biyu na abu ɗaya, na hagu da na dama, a ɗora su kan juna. Matsalar ita ce: ta yaya kowane ido zai ga nasa kawai?

Nan ne matatar launi ke aiki kamar rariya. Mun koya a darasin fiziks cewa allon waya da na kwamfuta suna haɗa kowane launi ne daga haske ja, kore da shuɗi. Sai a ɗebi ja daga hoton hagu, a ɗebi kore da shuɗi daga na dama. Jan gilashin da ke idon hagu haske ja kaɗai yake bari ya wuce. Na dama kuma, shuɗi mai sirkin kore, yana tare ja, ya bar sauran biyun. Da haka kowane ido ya sami rabonsa, ƙwaƙwalwa ta ƙarasa aikin.

Abin ba sabo ba ne. Bajamushe Wilhelm Rollmann ya bayyana hanyar tun 1853. A 1997 kuma hukumar NASA ta Amurka ta fitar da irin waɗannan hotuna na duwatsun duniyar Mas.

Mu ma za mu iya gwadawa. Mu ɗauki hoto da waya, mu gusa dama kaɗan ba tare da karkata ba, mu sake ɗauka, sannan manhajar gyaran hoto ta haɗa su. Tabarau kuwa, kwali da leda mai launi sun isa. Sai dai idan launin ledar bai yi kauri ba, hoton ɗaya ido zai ratso kamar inuwa. A guji ɗaukar jan abu, domin ido ɗaya zai gan shi da haske, ɗayan kuma baƙi. Da zarar ido ya gaji, a cire tabarau a huta.